Yadda zaka nemo baiwar Allah ta dutse a tsaunukan Jos, ka gane ta, ka kuma san halin da take ciki

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san 'yar jar tsuntsuwar nan da ke sauka tsakar gida wajen turmi tana tsintar tsaki, bata tsoron mutane, har cikin zaure take shiga ta yi sheƙa a jinka, wadda a wurare da dama ake ce mata baiwar Allah. To tana da 'yar uwa wadda ita sam bata zaman gida, cikin duwatsu take rayuwarta, kuma duk faɗin duniyar nan ba a san ta a ko'ina ba sai arewacin Najeriya da wani ɗan yanki na arewacin Kamaru. Masana ma sai a 1998 suka tabbatar cewa jinsi ce mai zaman kanta, kaga jiya-jiya kenan. Zan kira ta baiwar Allah ta dutse don mu samu sauƙin magana. Abin da ke damuna shine turawa na biyan kuɗin jirgi su zo Jos takanas don su ganta, mu kuma da take bayan gidanmu da yawanmu ko labarinta bamu taɓa ji ba. Ga yadda zaka bi idan kana son ka ganta da idonka.

Fara da sunanta na kimiyya

Kafin ka sa takalmi ka nufi dutse, riƙe sunan da masana suka sa mata, Lagonosticta sanguinodorsalis, rubuta shi a wayarka domin da shi zaka yi duk wani bincike. Sunan gida yana canzawa daga gari zuwa gari, abin da Bakano zai kira da suna kaza Basakkwace zai ce ba haka ba, amma wannan na Latin ɗin ko a Japan ka buga shi tsuntsuwa ɗaya zai kawo maka. Tsarin suna biyu ne, tun 1758 da Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya kafa shi ga dabbobi ake tafiya a kansa. Kalmar farko ta zuri'a ce, duk bayin Allah ɗin nan jajaye Lagonosticta ne, har da ta tsakar gidanmu wadda ita ce Lagonosticta senegala. Kalma ta biyu ita ke ware jinsi ɗaya daga sauran.

Daga nan sai ka hau sama mataki-mataki. Zuri'ar Lagonosticta tana cikin dangin Estrildidae, ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwayar ciyawa da ake samu a Afirka da kudancin Asiya da Ostareliya, asisi ma ɗan wannan dangi ne. Dangin kuma yana ƙarƙashin babban rukunin Passeriformes, wato masu kama reshe da yatsu uku gaba ɗaya baya, wanda ya kwashe fiye da rabin jinsin tsuntsayen duniya kusan 11,000. A cikin wannan rukunin ne ake da reshen mawaƙa, masu wata gaɓa ta musamman a ƙasan maƙogwaro, kuma da yawansu koyon waƙa suke yi daga manya ba da ita ake ƙyanƙyashe su ba. Riƙe wannan maganar ta koyo, domin ita ce ta tona asirin tsuntsuwar tamu.

Ga yadda abin ya faru. Akwai wasu ƙananan baƙaƙen tsuntsaye masu sheƙi, zuri'ar Vidua a dangin Viduidae, 'yan uwan zalaidu mai dogon bindi, zan kira su 'yan shuni saboda launinsu. Su basa yin sheƙa kwata-kwata, macen zata faki ido ta je ta saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah, ita kuma ta kwanta a kai ta ƙyanƙyashe ta ciyar da shi tare da nata 'ya'yan. Ɗan baƙon baya kashe 'yan gida, tare suke girma, kuma cikin bakinsa yana da zane da ɗige-ɗige irin na 'ya'yan mai sheƙar sak, shi yasa uwar riƙon bata gane shi. In namiji ne sai ya tashi da waƙar wanda ya rene shi a baki, in mace ce sai ta nemi mijin da ke rera irin waƙar gidan da ta tashi, ta kuma koma irin wannan sheƙar ta saka ƙwai. Saboda haka yawancin 'yan shuni kowane iri yana da baiwar Allahn da yake bi. Wani masani Ba'amurke, Robert Payne na Jami'ar Michigan, wanda ya shafe shekaru yana bin waɗannan tsuntsaye a Afirka, ya naɗi waƙar wani ɗan shuni a yankin Jos, wanda yanzu ake kira Vidua maryae, sai ya ga waƙar da yake kwaikwayo bata yi daidai da ta kowace baiwar Allah da aka sani ba. Kenan akwai mai waƙar a wani wuri ba a gano ta ba tukuna. Da aka bi sawu sai ga ta a cikin duwatsu, ashe a da ana ganinta ana ɗauka wata 'yar uwarta ce mai suna Lagonosticta rubricata. Ya wallafa bayaninta a mujallar Ibis a 1998. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai na ji ikon Allah, a ce an ji waƙar tsuntsu a bakin wani kafin a san mai ita.

Ina zaka je, kuma yaushe

Cibiyarta tudun Jos ne da duwatsun da ke kewaye da shi, har zuwa wajen Kagoro a kudancin Kaduna da Panshanu a kan hanyar Jos zuwa Bauchi. Daga baya aka same ta a tsaunukan Mandara da ke iyakar Najeriya da Kamaru, har wajen Marwa, shi yasa yanzu ba a cewa ta Najeriya ce kaɗai kamar yadda tsofaffin littattafai suka rubuta. In ka ga wani rubutu yace babu ita ko'ina sai Najeriya to tsoho ne.

Wuri mafi sauƙi ga sabon shiga shine dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga a ƙaramar hukumar Jos ta Gabas, kamar kilomita 15 daga cikin garin Jos. Daji ne ƙarami, hekta 300 ko kusa da haka, amma an ƙirga tsuntsaye wajen iri 300 a ciki. A nan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda aka fi sani da APLORI, tana aiki da Jami'ar Jos da mutanen Laminga da ƙungiyar kare muhalli ta NCF, kuma ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa yin digiri na biyu a can. Kar ka faɗa musu kai tsaye, tuntuɓe su tukuna ka nemi izini, in an haɗa ka da ɗan jagora wanda ya san dajin aikinka ya zo da sauƙi sosai. In kuma wani dutsen zaka hau ba Amurum ba, dan Allah fara zuwa wajen mai unguwa ka gaishe shi ka faɗi abin da ya kawo ka. Baƙo da madubin hangen nesa a wuya yana leƙe-leƙe a kan dutse, a yanayin tsaron da ake ciki, kai ma ka san abin da mutane zasu zata. Kuma akwai duwatsun da mutanen wurin ke girmamawa ba kowa ke hawa ba. Ɓangaren Gwoza da Madagali kam a haƙura da shi sai wanda yake ɗan can ya san lungunsa.

Lokaci kuma, ƙarshen damina zuwa kaka ya fi, wajen Satumba zuwa Nuwamba, lokacin ciyawa ta yi ƙwaya suna kiwon 'ya'ya, kuma a lokacin ne namijin ɗan shuni ke sanye da baƙin gashinsa yana waƙa a saman bishiya. Da rani ya yi nisa sai ya zubar da gashin ya koma ruwan ƙasa mai zane kamar macen, a lokacin ko masana basa iya rantsuwa a kan wane iri ne. Ita baiwar Allahn tana nan duk shekara bata ƙaura, sai dai da rani ƙishi na sauko da ita, to nemi rafi ko wani ɗan kwari mai ruwa a gindin dutse inda bishiyoyi suka yi duhu, ka samu inuwa ka zauna. Fita da sassafe bayan asuba, daga fitowar rana zuwa hantsi, ko kuma bayan la'asar. Ka tanadi rigar sanyi domin tudun Jos ya haura mita 1,200 kuma safiyarsa ba wasa, sa kaya marasa haske, takalmi mai kama dutse, ruwan sha, ka kula da inda kake sa hannu saboda maciji.

Kar ka riƙa kallon sama. Tsuntsuwar ƙasa ce, a gindin duwatsu take tsalle-tsalle tsakanin ciyawa da ƙananan kurmi tana tsintar ƙwaya, yawanci biyu-biyu mata da miji, kuma ƙarama ce ƙwarai, tsawonta santimita 10 zuwa 11, nauyinta kamar giram 10. Yawo baya kawo ta, zama ne ke kawo ta. Zauna shiru minti ashirin a wuri mai kyau ya fi ka zagaye dutsen gaba ɗaya kana taka busassun ganye.

Yadda zaka bambance ta da sauran

Nan ne mutane ke faɗuwa, domin a yankin Jos bayin Allah sun kai iri biyar ko fiye kuma yawancinsu jajaye ne, in ka yi gaggawa kowacce ka gani zaka ce ita ce. Baki zaka fara dubawa. Ta dutse bakinta ruwan toka ne mai ɗan shuɗi, ita kuwa ta gida bakinta ja ne ko ruwan hoda kuma namijin yana da zobe rawaya a ido, to da ka ga jan baki ka cire ta daga lissafi, haka ma Lagonosticta rufopicta mai farin zane-zane a ƙirji, ita ma bakinta da ja. Sai ka dubi baya. Namijin ta dutse gadon bayansa ja ne jawur kamar jini, kansa ta sama da ƙeya ruwan toka, fuska da maƙogwaro da ƙirji ja, ƙasan ciki da ƙarƙashin bindi baƙi, sannan da 'yan fararen ɗige a gefen ƙirji. Wannan haɗin na kai mai toka, jan baya, da baki mai shuɗi, in ka same su a tsuntsu ɗaya a kan dutse to ka gama. Wadda aka fi rikita ta da ita, rubricata, ita ma bakinta shuɗi-shuɗi ne amma bayanta ruwan ƙasa ne, kuma ta fi son ciyayi masu dausayi. Akwai Lagonosticta rara wadda cikinta baƙi ne, bata da fararen ɗigen, akwai kuma mai baƙar fuska wadda namijinta baya ɓoyuwa. Mace ta fi wuya, launinta ya dusashe, kanta toka-toka da ɗan ja tsakanin ido da baki, bayanta ja ne mai sirkin ƙasa, shawarata kar ka yanke hukunci da mace ita kaɗai, jira mijin ya fito tunda basa nisa da juna.

Shi ɗan shuni na Jos baƙi ne mai sheƙin kore in rana ta haska shi, baki fari, ƙafafu fari-fari masu ɗan shunayya, fukafuki ruwan ƙasa. Wanda kake gani a cikin gari a kan wayar lantarki mai jajayen ƙafafu wani ne daban, Vidua chalybeata, shi ta gida yake bi. Amma gaskiyar magana launi kaɗai baya raba 'yan shuni, kunne ne ke raba su. Shiga shafin xeno-canto ka buga sunan Latin na baiwar Allah ta dutse ka saurari waƙarta sau da yawa kafin ka fita, in ka ji ɗan shuni yana cusa irin wannan a tsakiyar surutunsa to shine maryae. Abu ɗaya da nake roƙo, kar ka je dutse ka ƙure sautin waya kana kunna musu waƙar don su fito, lokacin kiwon 'ya'ya ne, namiji zai bar sheƙa ya zo neman abokin faɗan da babu shi.

Yadda zaka karanta matsayinta ba tare da ka ruɗi kanka ba

Hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, wadda aka kafa a 1948, ita ke riƙe da jan kundin da ke nuna haɗarin ƙarewar halittun duniya tun 1964, ɓangaren tsuntsaye kuma BirdLife International ke yin aikin tantancewa. Shiga shafin ɗayansu ka buga sunan Latin, zaka ga haruffa biyu. LC na nufin babu fargaba sosai, NT an kusa shiga haɗari, VU akwai rauni, EN cikin haɗari, CR a bakin ƙarewa, EW saura waɗanda ke hannun mutane kawai, EX an ƙare. Akwai DD ga wanda bayanansa basu isa a yanke hukunci ba. Baiwar Allah ta dutse LC ce, ɗan shuninta ma haka.

To a nan nake so ka tsaya ka yi tunani, kar ka ga LC ka rufe waya kace ai lafiya lau. Jan baki ma LC ne, wannan da ke saukowa kamar hadari a gonakin gero da shinkafa a Kebbi da Jigawa da Yobe, wanda ake ƙiyasta yawansa ya kai biliyan ɗaya da rabi, tsuntsun daji mafi yawa a duniya. Harafi ɗaya suke ɗauke da shi da tsuntsuwar da duk duniyarta 'yan duwatsu ne a ƙasa biyu. Dalili shine ma'aunin yana da ƙa'ida, kafin a sa jinsi a VU sai an nuna ya ragu da kashi 30 cikin 100 a shekara 10 ko zuriya uku, ko kuma yankinsa bai kai murabba'in kilomita 20,000 ba kuma yana tsukewa sannan ya rarrabu, ko manyan da suka isa haihuwa basu kai 10,000 ba kuma suna raguwa. Tamu bata faɗa cikin waɗannan ba, musamman da aka same ta a Mandara yankinta ya faɗaɗa a taswira. Amma taswirar tana zagaye ne da gonaki da garuruwa da filayen da ita bata zama, ainihin inda take tsibiri-tsibiri ne na dutse. Saboda haka bayan haruffan, gangara ƙasa ka duba shekarar da aka yi tantancewar, ka duba ko an ce yawanta na tsaye ko na raguwa, ka karanta abin da aka rubuta a kan barazana. In kana son ganin bambanci buga Malimbus ibadanensis, wani tsuntsu na yankin Ibadan da aka bayyana a 1958, shi EN ne, ka karanta nasa ka kwatanta.

Abin da ya ɗan cece ta shine dutse baya nomuwa. Sai dai duk wanda ya san Jos ya san yadda ake saran itacen girki a jikin duwatsu, ga kiwo da ke cinye ciyawar kafin ta yi ƙwaya, ga cinna wa daji wuta da rani don farautar ɓera da gafiya, ga masu fasa dutse suna sayar wa 'yan gini tifa-tifa, ga gari na ta matsowa, banda tsoffin ramukan kuza da suka riga suka canza fuskar ƙasar. Ban ga laifin matar da ta hau dutse neman itace ba, gas ya yi tsada kuma dole a dafa abinci. Amma a sani in kurmin gindin dutse ya tafi, ko rafin da take sha da rani ya ƙafe, tsuntsuwar ta bar wannan dutsen, kuma ba ita kaɗai ba, ɗan shuni ma ya tafi domin bashi da wata sheƙar da zai saka ƙwai. Jinsi biyu ne a igiya ɗaya. Kamawa a sa a keji kuwa kar ma ka fara, ba kanari bace, waƙarta a hankali take, kuma ƙananan tsuntsayen nan da yawa basa kai labari bayan an kama su. A da ana kwasar irinsu daga Afirka ta Yamma zuwa Turai da yawan gaske, sai da Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a 2005 lokacin murar tsuntsaye, ta mayar da haramcin na dindindin a 2007.

In ka ganta, rubuta

Wannan shine ɓangaren da kai zaka yi amfani. Taswirar tsuntsuwar nan daga rahoton mutane aka haɗa ta, kuma duwatsun arewa da yawa ba wanda ya taɓa hawansu da niyyar duba tsuntsaye, daga Toro da Dass da Ningi a Bauchi, zuwa kudancin Kaduna, zuwa wajen Mubi. Ɗalibi ɗaya mai waya a ɗayan waɗannan wurare zai iya ƙara ɗigo a taswirar da masana basu da shi. Akwai shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da APLORI ke jagoranta tun ƙarshen 2015, an yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo 9 faɗi, 'yan sa kai na shiga gida su yi aƙalla awa 2 suna rubuta duk tsuntsun da suka gani da manhajar BirdLasser. A arewa akwai tawagar Arewa Atlas Team da ke wannan aiki, kuma a jihohi da dama akwai kulob na masu kallon tsuntsaye, nemi na kusa da kai ka bi su fita ko sau ɗaya ne, abin da zaka koya a safiya ɗaya da su ya fi na wata guda kai kaɗai. Manhajar eBird ma tana karɓar rahoto.

Abin da zaka rubuta: kwanan wata, ƙarfe nawa, sunan ƙauye ko dutsen, lambar GPS daga wayarka, guda nawa ka gani, namiji ko mace, launin baki da na baya kamar yadda idonka ya gani ba yadda littafi ya faɗa ba, da abin da take yi. Ɗauki hoto ko da bai fita sosai ba, ka ɗora kyamarar waya a kan idon madubin hangen nesa zai jawo maka ita, in ta yi kuka danna rikoda ka yi shiru. In baka tabbatar ba rubuta Lagonosticta kawai ka tura hoton ga waɗanda suka fi ka sani su duba, rahoton ƙarya ya fi rashin rahoto ɓarna domin sai ya zauna a taswira shekaru ana dogaro da shi. In ka hau dutse mai kyau ka yi awanni baka ganta ba shi ma rubuta jerin abin da ka gani ka tura, rashin ganin ma bayani ne. In kuma sheƙa ka tarar, wata 'yar dunƙulalliyar ciyawa mai ƙofa a gefe, kar ka taɓa, ja da baya, kuma kar ka saka ainihin wurin a Facebook ko gurup ɗin WhatsApp, tura shi kai tsaye ga masu binciken.